Tazarar Tsinken Ashana

Zuwa ga Baffa,

Ina gaishe ka gaisuwar da ta daɗe tana jiran hanya. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu ma lafiya lau, sai dai ƙafar Mama da ke damun ta in za ta hau bene.

Ban sani ba ko za ka tuna ni. Ni ce autar ɗan'uwanka, wanda kuke 'ya'yan wa da ƙani, wadda aka ce ka taɓa yi wa 'yar kujera tana shekara uku. Yanzu ina aiki a ɗakin haɗa haƙoran roba, a bayan wani asibitin haƙori. Ta'aziyyarka ta rasuwar Baba ta iso mu, mun gode.

Ga abin da ya sa na rubuto. Nan da wata biyu Mama za ta bar gidan bene ta dawo wurina, ɗakuna biyu ne a ƙasa. Babban teburin rubutun Baba ba zai shiga ta ƙofata ba, mun auna. Akwai gilashi mai kauri shimfiɗe a kansa, wanda yake cusa takardu a ƙarƙashi. Da muka ɗaga gilashin, wata takarda ta marmashe don tsufa, amma tawadarta ta zauna a jikinsa. Layi huɗu ne da hannun Baba, ana karanta su sarai ta sama. Adireshinka ne, Baffa. Da shi na same ka.

Sauran takardunsa duk bugun inji ne. Wannan kaɗai ne rubutun hannunsa da ya rage mana, kuma Mama ta hana kowa kai tsumma wurin.

Ina so in wargaza teburin, in yi ƙaramin teburin falo da katakonsa, gilashin ya zauna a tsakiya, Mama ta riƙa ajiye kofinta a kai. Ban taɓa riƙe zarto ba. Kafintan layinmu ya ba ni lungu a shagonsa duk Asabar, amma ya ce shi ba malami ba ne, kada in dame shi da tambaya. Kai kuwa an ce shekara talatin ka yi kana koyar da aikin katako. An kuma ce ƙarar injuna ta taɓa maka kunne, waya ba ta yi maka amfani, shi ya sa na ɗauki biro.

Tsawon gilashin santimita tamanin da huɗu, faɗinsa hamsin da biyu. Kusurwa ɗaya ta ɗan gutsire.

'Yarka.

*

'Yata,

Lafiyata ƙalau, in ban da kunnen da aka riga aka kai miki rahotonsa. Ki gaishe da mahaifiyarki, ki ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi in ta zauna.

A tsaye na karanta takardarki a bakin ƙofa, sannan na shiga na zauna na sake karantawa. Yaya zan manta ki? Kujerar nan ƙafa uku gare ta, kin faɗo daga kanta kika cije ni a hannu. Ashe tun lokacin harkar haƙori kike.

Teburin da kike magana ni da mahaifinki muka yi shi, muna samari. Katakonsa mai kyau ne, kuma ya bushe iyakar bushewa. Ban san ya ajiye adireshina ba. Bari in bar wannan maganar, in shiga aiki.

Da farko ki naɗe gilashin cikin bargo, ki jingine shi a tsaye inda ba a wucewa. Kada ya je shago sai ranar ƙarshe. Ki wargaza teburin a hankali, ki bi kowane katako da hannu ki zare tsofaffin ƙusoshi, domin ƙusa ɗaya ta isa ta karya haƙorin zarto, kuma irin wannan haƙorin ba ku haɗa shi a wurinku.

Saman teburin zai ba ki dogaye biyu da gajeru biyu na firam, wato katakon da zai zagaye gilashin. Ƙafafun ki rage su zuwa santimita arba'in. Ki auna, ki ja layi da fensir mai tsini, ki sake aunawa, sannan ki yanka a gefen layin, ba a kansa ba. Kada ki danna zarto. Nauyinsa ya ishe shi, ke dai ki raka shi. Na zana miki yadda ƙafa ke haɗuwa da firam a bayan takardar nan.

A bakin firam ta ciki za ki fere ɗan mataki, wato gurbin da gilashin zai kwanta. Nan ne masu koyo ke tsorata. Tunda hannunki sabo ne, kada ki wahalar da kanki wajen neman ya zauna cif-cif. Ki bar tazara tsakanin gilashi da katako, kaurin tsinken ashana a kowane gefe. Duk ɗalibin da ya shigo ajina haka nake ce masa, kuma ba wanda zai lura.

Ki rubuto mini duk Asabar. Ko yatsa kika buge ina son labari. Rabon da wani ya tambaye ni yadda ake riƙe zarto har na manta, yau kuwa na kasa cin abincin rana don murna.

Baffanki.

*

Baffa,

Muna lafiya. Mama ta amsa gaisuwa.

Na wargaza teburin, na zare ƙusa talatin da ɗaya. Na yanka guda huɗu na firam da ƙafafu. Na ɓata gajere ɗaya, na sake yanko wani daga abin da ya rage, yanzu ba sauran dogon katako, sai aljihun teburin kawai. Zanenka ya taimaka, na gode.

Maganar tazara ce ban ji daɗinta ba. A wurin aikina, in na bar tazarar silin gashi tsakanin haƙori da dasashi, dawo mini da aikin ake yi, mutum kuma ya kwana da ciwon baki. Shekara shida ina wannan, ba a dawo mini da aiki ba sai sau biyu. Zarto ne sabo a hannuna, awo ba sabo ba ne. Ka ce ba wanda zai lura. Ni zan lura. Ƙura za ta taru a ramin, ruwan shayi ya gangara ya bi ta ƙasa ya iske rubutun Baba.

Baba ya taɓa ce mini kana da wani irin sauƙaƙa wa mutum da ke sa ya ji an rage masa tsawo. Lokacin ban gane ba.

Zan fere gurbin daidai da gilashin. Ba sai ka sake wahalar da kanka ba, in na gama zan aiko da hoto.

'Yarka.

*

'Yata,

Ina fatan wannan ta same ki lafiya, kuma ta same ki kafin Asabar. Ni lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Laifina ne. Na ba ki doka ban ba ki dalili ba, sannan na shafa mata zuma don kada ki tsorata. Shekara talatin ina hana ƙananan malamai yin haka, ga shi na yi.

Tazarar nan ba rangwame ba ce. Da ni zan yi teburin, da ita zan yi shi. Kayan da kike aiki da su in sun daskare sun tsaya ke nan. Katako ba ya tsayawa. Ko shekara ɗari ya yi da sarewa, yana shan damshin iska ya kumbura, ya bushe ya koma. Teburin mahaifinki ya yi shekaru a saman bene, wuri mai iska. Shagon kafinta ma busasshe ne. Ke kuma kin ce ɗakunanki a ƙasa suke, ga ruwan sama ya kusa kankama. Firam ɗin zai kumbura, kuma ta ciki zai matso. Gilashi ba ya matsawa ya ba da wuri. In an matse shi, inda yake da rauni yake nema, kuma ke da kanki kika gaya mini kusurwa ɗaya ta gutsire. Daga nan tsagewar za ta tashi.

Kin yi gaskiya kan ruwan shayi, ni ban yi tunaninsa ba. Maganinsa siririyar roba mai laushi da za ki kwantar a gurbin, gilashin ya zauna a kanta. Tana tare ruwa, tana kuma ba katako wurin motsi.

In kin riga kin fere gurbin, ba a makara ba. Ki ƙara fere shi kafin ki sa gam. Ki amsa mini ko da layi ɗaya ne.

Baffanki.

*

'Yata,

Gaisuwa, da fatan lafiya. Mako uku ke nan ban ji daga gare ki ba. Kullum sai na taka zuwa akwatin wasiƙa, har maƙwabcina ya fara tambaya ko wata budurwa na samu da tsufana.

Tun shekaranjiya ake ruwa a nan. Ƙofar kicin ɗina ta fara cijewa, kuma duk lokacin da na sa kafaɗa na ture ta, gilashinki nake tunawa.

Abin da mahaifinki ya faɗa a kaina gaskiya ne. Ranar da muke gama teburin nan, ya yi aljihun teburin ya zauna cif, ko takarda ba ta shiga gefensa. Kwana uku ya yi a kai, yana ta murna. Na karɓe shi daga hannunsa a gaban abokanmu, na fere gefe biyu, na miƙa masa na ce, “Ba laifi ga mai koyo.” Ban gaya masa dalili ba, na ɗauka ya gani. Bai sake shiga wurin aiki tare da ni ba, daga nan zumuncin ya yi ta sirancewa har ya koma gaisuwar saƙo. Na yi ta cewa zan je in same shi.

Ki yi fushi da ni yadda kike so, kina da hujja. Amma in gilashin yana cikin firam, ki fitar da shi yau.

Baffanki.

*

Baffa,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki ƙalau. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi.

Takardunka biyu sun iso tuni. Ban buɗe su ba. Na jefa su cikin jakar aiki, na ce sai na gama in karanta ina dariya. Yau da safe na buɗe.

Na gama teburin kwana goma sha biyu da suka wuce. Na sa gam a duk mahaɗa, na goge da sanfefa har hannuna ya yi kanta. Gilashin ya shiga gurbinsa da ɗan dannawar tafin hannu, ya zauna ɗas. Kafinta ya zagaya shi sau biyu ya ce, “Malama, wannan ko ruwa ba zai shiga ba.” Sai da na karanta takardarka na tuna yadda ya sosa ƙeya da ya faɗa.

Muka kawo shi falo. Kwana shida ke nan ana ruwa, bangon bayan kujera har ya yi gumi. Jiya ina shan shayi na ji ƙas, ƙarami, kamar an taka ƙwayar shinkafa. Na duba ban ga komai ba. Yau na sake ji. Na kwanta a ƙasa na tura gilashin ta ƙasa da hannu biyu, ko motsi. Kamar an zuba shi ne a ciki. A kusurwar da ta gutsire na ga wani ɗan farin gari a kan katako, kuma na san ba ƙura ba ce, na san garin gilashi.

Daga kusurwar zuwa layin farko na rubutun Baba tsawon tafin hannuna ne.

Mama za ta iso nan da kwana goma. Ban gaya mata ba. Jiya a waya take cewa ta ƙagu ta ga rubutun, wai tun da aka naɗe shi a bargo gidan ya zama kamar ba kowa.

Ina da siririyar wuƙa ta wurin aiki. In zura ta a gefe in ɗan ɗaga? Ko in fitar da shi rana in ta fito? Takarda kwana huɗu take yi kafin ta iso ka, huɗu ta dawo. Ban san ko zai jira ba. Ba zan taɓa shi ba sai na ji daga gare ka, amma hannuna ƙaiƙayi yake yi.

Ka yafe mini maganar da na faɗa.

'Yarka.

*

'Yata,

Lafiya lau. Na aiko wannan ta saƙon gaggawa, za ta iso ki jibi. Ki karanta har ƙarshe kafin ki tashi.

Kada ki zura wuƙa. Kada ki kai shi rana, kada ki kawo wuta kusa da shi. Gefe ɗaya zai riga ɗaya bushewa, firam ya murɗe, shi ke nan. Kada ki ja teburin, kada ki ɗora ko cokali a kai.

Hanya ɗaya na sani: ki yanka firam ɗin.

Na san abin da nake cewa. Katakon mahaifinki ne, kuma Asabar ɗinki shida ce. Amma katako ana yi masa ƙari, gilashin nan kuwa ba shi da na biyu.

Ki nemo akwati mai ƙarfi, ki tura shi ƙarƙashin teburin, ki tara barguna a kai har su taɓa gilashin ta ƙasa, su tallafe shi ba tare da sun tura shi sama ba. Ki sa takarda mai santsi tsakanin bargo da rubutun. Sannan ki je kusurwar da ta fi nisa da gutsirarriyar. Za ki yanka sau biyu, ɗaya a dogon gefe, ɗaya a gajere, kowanne yatsa huɗu daga ƙafa. Ƙafar za ta fita gaba ɗaya, shi ya sa akwatin.

Ki fara daga waje ki nufi ciki, da zarto mai ƙananan haƙora. Ki yi rabin na farko, ki koma ki yi rabin na biyu, ki riƙa sauyawa, don matsin ya saki a hankali. Idan ya rage kamar milimita biyu ki kai gilashi, ki ajiye zarton. Ƙarfe bai kamata ya taɓa bakin gilashin ba ko sau ɗaya.

Kafinta zai ce ki ba shi ya yi. Ki bar shi ya riƙe miki teburin, amma kada ki ba shi. Milimita biyun nan na ƙarshe ba aikin kafinta ba ne, ba kuma nawa ba. Ni hannuna bai taɓa sanin kaurin silin gashi ba. Naki ya sani. Ki ɗauko abin da kika fi amincewa da shi a wurin aikinki, ki yi yadda kike yi wa bakin mutum.

Zai iya tsagewa duk da haka. Ba zan ɓoye miki ba, ba zan kuma sake shafa miki zuma ba. Amma in kin bar shi, tabbas ne.

Babu abin yafewa. Ki ci abinci kafin ki fara.

Baffanki.

*

Baffa,

Ina gaishe ka. Muna lafiya, ina fatan ƙofar kicin ta saki.

Takardarka ta iso ranar Laraba da hantsi. Na nemi izini a wurin aiki, na taho da ɗan zarton da muke yanka samfurin haƙora da shi, mai ruwa siriri kamar zare. Na kira kafinta. Da ya ji abin da zan yi ya ce, “Malama, tebur mai kyau haka? Kawo in ɗan buga shi ta ƙasa, yanzu zai fito.” Na ce ya riƙe ƙafa ya yi shiru. Ya riƙe, shirun ne ya gagare shi.

Na yi yadda ka ce. Rabi nan, rabi can. Ina tsakiyar na biyu gilashin ya sake yin ƙas. Kafinta ya saki salati, ni kuwa na kasa ɗaga ido in duba. Na ajiye babban zarto na ɗauki nawa. Milimita biyun nan sun ci mini kusan awa ɗaya. Ina ja, ina hurewa, ina dubawa.

Ban kai ga yanke zaren ƙarshe ba, katakon ya tsinke da kansa, yankan ya buɗe baki. Na biyun ma haka. Na sa yatsa ɗaya a ƙasa, gilashin ya ɗago kamar ba shi ne ya ƙi motsi ba.

Kusurwar ta ƙara gutsirewa kamar rabin farce. Tsaga ba ta tashi ba. Layi huɗun suna nan, ko ɗigo bai goge ba.

Na zauna a ƙasa na daɗe. Da na tashi na ɗauko ashana a kicin, na zura tsinke ɗaya a inda yankan ya buɗe. Ya shiga daidai, ba matsi ba sako-sako.

Mama ta riga ranarta, ta iso jiya da rana. Ta tarar da tebur mai ƙafa uku da akwati, gilashi kwance a kan bargo. Na gaya mata komai, har takardun da na ƙi buɗewa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Ke da ubanki, ban san wa ya fi wani taurin kai ba.” Sannan ta hango aljihun teburin a jingine, wanda nake shirin yankawa in yi ƙari da shi. Ta ce in miƙo mata. Ta shafa gefensa inda ka fere, har yanzu ana jin sawun. Ta ce duk shekara in ruwa ya kankama, ƙofofin gidan su cije, Baba yakan ja aljihun nan ya fito sumul, ya mayar, ya sake ja, ya ce, “Mutumin nan dai.” Ba ya ƙarawa. Ta ce shekara arba'in tana jin haka ba ta san da wa yake ba.

Ta hana ni yanka aljihun. Don haka ba ni da katakon ƙari, kuma ban san yadda ake mayar da ƙafa ta huɗu ba. Mama ta ce wannan ba aikin takarda ba ne, in gaya maka ɗakinmu a ƙasa yake, ba bene, kuma tana iya ɗaga murya yadda kowane kunne zai ji. In za ka zo, ka taho da guntun katako daga wurinka. Ba sai launinsa ya zo ɗaya da na Baba ba.

Na fere gurbin a duk abin da ya rage na firam ɗin. Tsinken da na auna da shi yana cikin ambulan ɗin nan, ka duba ko ya yi.

'Yarka.